Ƙarar Da Na Koya Wa Kunnena

Assalamu alaikum Edita, da duk masu bibiyar wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan, ina cewa a raina nawa ba irin wanda ake faɗa ba ne, don wanda ya ji shi, ko dai ya yi dariya ko ya tsine mini. Yau na yanke shawarar in faɗa. Ba za ni ambaci sunana ba, ko na wani nawa. Akwai ma wani suna guda da na yi wa kaina alkawarin ba za ni sake furta shi ba har in koma ga Allah.

Lokacin da abin ya faru ni budurwa ce, na gama sakandare ina zaune gida, a wani ƙauye da ke gefen Gatawa. Da abu biyu aka san ni. Na farko karatun littattafan soyayya. In littafi ya shigo hannuna, tuwo ya ƙone, akuya ta shiga rumbu, ni ina can wani gida mai bene ana roƙona in yi murmushi. Na biyu kunne. Tun ina ƙarama nake gane babur tun yana bayan gari, in ce wannan na mai facin taya ne, wancan na ɗan liman ne kuma ya ɗauko buhu. Baba yakan tara abokansa a ƙofar gida ya sa in yi musu, in na canka daidai ya buga cinya ya ce ai ya faɗa musu ba ɗiya ya haifa ba, zomanya ce. Sunan ya bi ni. Da zaman lafiya ya ƙare a yankinmu, wannan wasa ya zama abin dogaro, don mutane sun san 'yan bindiga a kan babura suke zuwa, kuma wanda ya riga jin su shi ke tsira.

Da abin ya tsananta muka kwashe muka koma Sabon Birni, gidan kawuna, aka ba mu ɗaki guda. Samarin garinmu sun watse, wasu Maraɗi, wasu Sakkwato, wasu kabari. Babu mai sallama da ni, babu ma mai tunanin irin wannan. Abin da ya rage mini shi ne wayata, da wani zauren hira na cikin wayar, na mata masu karatun littattafai da nake ciki. A nan wata mata da muke ce wa Anti, mazauniyar wani babban birni, ta kawo mana zancen abin da ta kira tulfa. Ta ce mutum yana iya ƙera aboki a cikin kansa, ya ba shi kama da hali da murya, ya yi ta yi masa magana kullum, har ranar da zai amsa da bakin kansa, da maganar da ba kai ka shirya masa ba. Ta rantse ba tsafi ba ne, ba aljani ba ne, aikin ƙwaƙwalwa ne kawai. Ta ce nata har barkwanci yake yi mata tana girki. Sauran matan suka yi ta dariya suka wuce. Ni ban yi dariya ba. Na bi ta gefe na ce ta koya mini.

Na ƙera shi yadda zuciyata take so. Dogo ne, wankan tarwaɗa, mai sanyin magana, ba ya ɗaga murya ko an ɓata masa rai. A littafi da mota ake zuwa, amma ni na san babu motar da ke shiga ƙauyenmu, sai na mai da shi ɗan kasuwa mai ɗauko turare da yadi daga Nijar yana kaiwa kasuwar Bafarawa a kan babur. Na ba shi suna. Kullum bayan azahar, in gida ya yi tsit, sai in zauna bayan ɗaki inda ake ajiye itace, in rufe ido in yi ta ba shi labari: abin da muka ci, yadda matar kawu take ƙirga mana ruwan randa da ido, yadda nake kewar gonarmu.

Bai amsa ba. Wannan shi ne abin da ba a faɗa mini da farko ba, cewa za ni yi wata da watanni ina magana da bango. Wani lokaci in ji kamar an ce mini wani abu, in yi farin ciki, sai in lura ai maganar wani jarumi ce da na karanta shekaran jiya. Fuskarsa ma ba ta tsayawa wuri guda, yau hancin malaminmu na lissafi, gobe idon mai cajin waya. Kaina ya riƙa ciwo. Na yi kuka sau da yawa a bayan ɗakin nan, ina jin haushin kaina, wai ko mutumin da na ƙera da hannuna ya ƙi ni. Inna ta kama ni rannan bakina yana motsi. Ta tsaya da tsintsiya a hannu ta tambaye ni da wa nake fira, ko surukinta ne ya iso ba a shimfiɗa masa tabarma ba. Na ce tasbihi nake yi. Ta ce to ita dai tunda take ba ta taɓa ganin mai tasbihi yana fari da ido ba, kuma in yi hankali, don gidajen da aka bari kango ba su kaɗai iskoki ke shiga ba. Maganar ta tsaya mini a rai. Na yi kwanaki na daina, ina tsoron ko na buɗe ƙofar da ba ni iya rufewa. Amma kaɗaici ya fi tsoron ƙarfi, sai na koma.

Da na kai wa Anti kukana, ta tambaye ni wace gaɓa ce ta fi kaifi a jikina. Na ce kunne. Ta ce to in bar fuskar, in bar muryar, in fara da wata ƙara da za ta zama alamar zuwansa. Ban yi dogon tunani ba. Mene ne na fi sani a duniya in ba ƙarar babur ba? Na zaɓa masa ƙara mai taushi, ta injin da ake kula da shi, na riƙa jawo ta daga nesa a cikin kaina, tana tahowa, tana rage gudu, tana tsayawa. Wannan kam ya karɓe ni. Ba a daɗe ba na iya kiran ta duk lokacin da na so. Sai dai ina sane ni ce ke kiran ta, kuma da ta tsaya babu mai saukowa.

Ana cikin haka aka yanke sabis ɗin waya a yankinmu baki ɗaya. Mutane suka koma hawa tudu da layin Nijar suna ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Na lallaɓi yayana ya ara mini layinsa, na bi wasu mata zuwa tudun, na aika wa Anti saƙon murya. Na ce mata na gaji, ina ganin yaudarar kaina nake yi, za ni bari. Amsarta ta shigo kafin sabis ɗin ya ɗauke, kuma ita ce magana ta ƙarshe da na taɓa ji daga gare ta. Ta ce shakka ce ke kashe irin waɗannan abokai. Ta ce duk lokacin da na tambayi kaina ni ce ko shi ne, kamar na rufe masa ƙofa ne a fuska. Ta ce ranar da zai zo da kansa za ni ji abin kamar daga waje yake, ba daga cikin kaina ba, kuma a ranar kada in kuskura in yi gardama, in karɓa kawai, don wanda aka kora a zuwan farko ba lallai ya dawo ba. Na saurari saƙon nan har na haddace shi. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa ita a inda take, in babur ya wuce, surutu kawai ya dame ta ba.

Gero ya nuna. Duk da halin da ake ciki mun samu mun yi shuka da damina, kuma barin sa a gona yana nufin yunwa. Baba da wasu magidanta suka shirya a koma ƙauye na ɗan lokaci a yi girbi tare, gona bayan gona, da mata da maza, a gama da wuri. Dabarar da aka saba ita ce a ajiye mutum guda a kan tudu da jarkar da ba komai a ciki da sanda. Ba ya yanka, ba ya ɗaure dami, aikinsa sauraro. In ya ji babura sai ya buga jarkar, kowa ya yar da abin da ke hannunsa ya faɗa cikin dawa, wadda a lokacin tana tsaye ta fi mutum tsawo, a bi ta ciki a gangara gulbi. Ba a ma yi shawara ba wajen zaɓen mai zama. Baba ya ce ga zomanyarsa, in ta ce babu to babu, kowa ya sunkuya ya yi aikinsa da kwanciyar rai. Na ji daɗi, kuma ba don yabon ba. Na ga za ni samu wuni guda cur ni kaɗai a ƙarƙashin aduwa, babu Inna, babu matar kawu.

A kwanakin farko na yi aikina tsakani da Allah. Dajin ya yi wani irin shiru da ban san shi da shi ba. Babu kukan shanu, babu muryar makiyaya, hanyoyin da babura suka saba bi ciyawa ta cinye su. A lokacin duk wanda yake da babur ya ɓoye shi, don haka in ka ji inji a daji ka san ba alheri ba ne. A cikin wannan shiru na ci gaba da zamana da shi, ido a buɗe da farko, daga baya a rufe.

Wata rana da hantsi na ji ƙarar. Ban kira ta ba. Ta taso daga gabas, siririya, mai taushi. Kafin in yi tunani hannuna ya kai kan jarka. Gona ta watse. Wata tsohuwa ta faɗi a kan ƙaya ta yage ƙafa, wata ta bar goyonta ya kwance sai da aka komo aka ɗauke shi. Muka kwanta a bakin gulbi har rana ta take, babu abin da ya zo. Maza suka zagaya suka duba, babu sawun taya ko ɗaya. Da aka dawo yayana ya sa ni gaba. Ya ce wai zomanya ta tsufa, ta fara jin motsin hanjinta tana cewa yaƙi ne. Ya ce gobe in ƙuda ya wuce in taimaka in bari ya gama ɗaure daminsa tukuna. Aka yi ta dariya, irin dariyar mutanen da suka tsorata suka ga ba komai. Tsohuwar nan kuwa ba ta yi dariya ba, ta ce da ni 'yar nan, ƙafarta guda ta rage, in yi mata adalci. Baba ne kawai ya ce a bar ni, gudun banza bai taɓa kashe kowa ba.

Ni abin da ke cina daban ne. Babu sawu, babu wanda ya ji sai ni, kuma daga waje na ji ta. Ashe shi ne. Ya zo da kansa, yadda Anti ta faɗa, ni kuwa na tarbe shi da sanda da jarka. Na kwana biyu ina ba shi haƙuri a zuci. Na yi ta kiran ƙarar, ta ƙi zuwa ko irin wadda nake ƙirƙira a da. Na ce shi ke nan, na kore shi. Na yi masa alkawari, da irin kalmomin da na koya a littafi, cewa in ya sake zuwa ba za ni yi shakka ba, ba za ni motsa ba, za ni jira shi har ya sauko.

Ranar da ake gama gonarmu, rana ta ɗan ɗaga, iska tana busowa daga gabas zuwa kaina. Ina hango Baba yana ɗaure dami, Inna tana tara zangarniya a bayansa. Sai na ji ta.

Edita, a nan ne nake so masu karatu su fahimce ni da kyau, don a nan ne duk abin yake. Kunnena bai yaudare ni ba. A cikin ƙiftawar ido ya gaya mini wannan injin ya sha wuya, ba mai taushi ba ne. Ya gaya mini nauyin da ke kansa ya fi na mutum guda. Ya gaya mini akwai wasu a bayansa, suna tafe a hankali don kada su yi ƙara. Duk na ji. Hannuna har ya ɗaga sandar. Amma na shafe watanni ina koya wa kaina cewa wannan muryar mai tambaya ita ce abokiyar gaba. Na tuna dariyar yayana, na tuna ƙafar tsohuwa, na tuna alkawarina. Na ce wannan shakka ce, ita ce ta raba ni da shi wancan karon. Na ajiye sandar a kan cinyata, na rufe ido. Ƙarar ta yi ta matsowa, ina jiran ta rage gudu ta tsaya, a kira sunana.

Ihun mace ne ya buɗe mini ido. 'Yan bindigar sun riga sun fito daga bayan kalgo, suna cikin gona. Na buga jarkar a lokacin, na yi ta bugawa kamar mahaukaciya, alhali babu wanda yake bukatar a gaya masa. Wanda ke kusa da dawa ya tsira. Yayana ne ya fizgo ni daga tudun ya ja ni a ƙasa. Baba ya tsaya ya tura Inna cikin dawa, shi bai samu shiga ba. Suka tafi da shi tare da wasu maza, suka cinna wa damman wuta.

Ba za ni ba da labarin watannin da suka biyo baya ba, duk ɗan yankinmu ya san su. Abin da muke da shi ya tafi wajen kuɗin fansa, da na dangi. Muka koma garin Isa wurin gwaggona. Mutane suka yi ta tambayar yadda aka yi ban ji ba, ni kuwa na zama kamar kurma, ba na amsawa. Yayana ya ɗauka laifinsa ne, ya ce shi ya kunyata ni har na ji tsoron bugawa, ya daina cin abinci sosai. Na bar shi da wannan nauyi. Wannan ma yana cikin abin da nake neman gafara a kai.

Allah ya dawo mana da Baba. Ya dawo ƙafafunsa sun lalace saboda ɗauri, har yau da sanda yake tafiya, kuma ba zai sake noma ba. Masu zuwa jaje suka taso da zancen, sai ya ce musu ranar iska ta juya, ta kwashe ƙarar ta yi gabas da ita, ko wane ne a kan tudun ba zai ji ba. Ni da shi mun san inda iska ta busa.

Sai da aka kwana biyu, wata la'asar ina zuba masa ruwan alwala, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce lokacin da ya fara jin injin da nasa tsohon kunnen, bai gudu ba, ya ɗaga kai ya dubi tudu, don ya ce in gaskiya ne zomanya za ta buga. Ya ce ya gan ni zaune, ido rufe, ina murmushi irin wanda bai taɓa gani a fuskata ba. Ya ce a duk kwanakin da ya yi a ɗaure, ba dukan ne ya fi tsaya masa a rai ba, wannan murmushin ne, yana ta tunanin wa ake yi wa shi. Na durƙusa na gaya masa komai, tun daga bayan ɗakin kawu har alkawarin. Ya saurare ni har ruwan ya bushe a hannunsa. Sannan ya tambaye ni, ba da gatse ba, ba da faɗa ba, wai to baƙon nawa ya zo kuwa daga baya. Na ce bai zo ba. Ya gyaɗa kai ya ce Allah ya kyauta, in ƙara masa ruwa. A ranar na je na sami yayana na sauke masa kayan da ba nasa ba. Bai zage ni ba. Ya dai daɗe bai yi mini magana ba.

Abin da ban gaya wa Baba ba shi ne ƙarar ba ta bar ni ba. An kai ni wurin malami ya yi mini addu'o'i, ya ce bai ga alamar iska ba. Wata ma'aikaciyar asibiti ta saurare ni da haƙuri, ta ce firgici ne da gajiyar ƙwaƙwalwa, ta taimaka mini, kuma na samu sauƙi. Na daina kiran sunan, na goge saƙon, na fita zauren. Amma har yau, ina tsakar wanki ko tankaɗe, sai in ji ta taso daga gabas, siririya, mai taushi, tana rage gudu. Da ina roƙon ta zo ta ƙi. Yanzu ba ta neman izini. Kuma ba ni da hanyar sanin ko ita ce ko ta gaske, sai in ɗaga kai in dubi fuskar Inna. In ta ci gaba da aikinta, na san tawa ce. Ni da gari guda yake dogara da kunnena, yau da fuskar tsohuwa nake ji.

Ban ce duk wanda ya yi abin nan zai ga abin da na gani ba, kuma ban ɗora wa Anti laifina ba. Wataƙila a inda take, mutum yana iya rufe ido ya yi wasa da hankalinsa ya tashi lafiya. Mu a nan ba mu da wannan sararin. Na ɗauki shakka a matsayin ciwon da za ni warke daga gare shi, ashe ita ce lafiyar da ta rage mini. Duk ranar da na ji haushi don abin ya ƙi yiwuwa, hankalina ne yake riƙe ni, ni kuwa ina ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

'Yan uwana mata, musamman ku da ke zaune a gidajen da ba naku ba, kuna jiran ranar komawa, na san kaɗaicin, na san yadda littafi yake daɗi in duniya ta yi ɗaci. Ku karanta, ku yi mafarki, amma ku rufe littafin in an kira ku. In zuciya ta yi nauyi ku nemi mutum mai jini a jika ku gaya masa, ko da tsohuwa ce mai faɗa. Duk wanda ya ce muku ku daina tambayar kanku ko abin da kuke ji gaskiya ne, ku guje shi, ko da murya mai daɗi ya faɗa. In kuma an ba ku amanar sauraro, ku buga, ko za a yi muku dariya har shekara.

Baba yana nan, yana zama a ƙofar gidan gwaggo da sandarsa. Yana yi mini addu'a, yana ce mini ɗiyata. In babur ya wuce a bayan gari yakan karkata kai ya saurara da kansa. Bai sake tambayata ko na wane ne ba.